Wudil: Me ya sa ake bukatar sabuwar taswirar kogi da burtali?

Duk ranar Juma'a dubban dabbobi ne ke shiga kasuwar kara ta Wudil, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Najeriya, wadda ke kimanin kilomita 40 kudu maso gabashin birnin Kano a kan hanyar Maiduguri.

Wasu dabbobin kan zo a manyan motoci, wasu kuwa a ƙafa ake koro su ta tsakanin gonaki, daga ƙauyuka da rugage na mazaɓu irin su Ɗankaza, Darki, Utai, Indabo da Lajawa, da ma daga ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka.

Hanyoyin da suke bi, wato burtali, sun girmi kusan duk wanda ke amfani da su a yau. To amma idan aka tambayi inda faɗin burtalin ya fara da inda ya ƙare, ko kuma ainihin inda ruwan kogi ke kaiwa a shekarar da damina ta yi ƙarfi, galibi amsar na cikin kawunan dattawa ne.

Wannan al'amari, wanda da farko za a ɗauka na masu awon ƙasa ne kaɗai, yana da alaƙa ta kai tsaye da manyan matsaloli biyu da ke addabar karkarar arewacin Najeriya: ambaliyar ruwa, da kuma rikicin manoma da makiyaya.

Inda koguna biyu suka zama ɗaya

Kogin da ya ratsa Wudil ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, waɗanda ke gamewa a kudancin birnin Kano. Daga nan ne ruwan ke gangarawa ya zama kogin Haɗeja, ya bi ta jihar Jigawa, ya shiga dausayin Haɗeja da Nguru, kafin ya haɗu da na Jama'are su nufi tafkin Chadi.

Masana ƙasa na ɗaukar yankin Wudil a matsayin wani mashigi. A sama da shi kogin na gudana ne a kan tsohon dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar Kano, a ƙasa da shi kuma yana shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi ta kwarin Chadi, inda gangaren ba shi da yawa, ruwa kuma kan bazu a fadamu.

A irin wannan ƙasa, bambancin tsawon mita ɗaya ko biyu shi ne ke raba gidan da zai tsira da gidan da ruwa zai ci.

Ɗabi'ar kogin ma ta sauya. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, sannan ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, kuma su biyun ne ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja.

Kafin gina su, kogin kan cika ya tumbatsa da damina, ya kusa ƙafewa da rani. Bayan gina su, ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara, ambaliyar da aka saba gani kowace damina ta ragu, jama'a kuma suka matsa da noma da gine-gine zuwa wuraren da a da ba a kusantar su.

A ƙasa kuma, yashi da laka sun cike wasu hanyoyin ruwan, ciyawar kachala ta toshe wasu, abin da ya sa kogin ke sauya hanya a wasu sassan Jigawa. A Wudil kanta, ɗibar yashi daga cikin kogi domin gine-ginen birnin Kano ta zama babbar sana'a, kuma ita ma tana taɓa zurfin kogin da ƙarfin gaɓarsa.

A daminar 2001 ambaliya ta mamaye garuruwa da ƙauyuka da dama a jihohin Kano da Jigawa, ciki har da na ƙaramar hukumar Wudil, inda aka yi asarar rayuka da gidaje da amfanin gona. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa sun ɗora alhakin a kan ruwan da ya fito daga madatsun biyu. A 2022 ma garuruwan da ke bakin wannan kogi a Jigawa sun sake shiga irin wannan hali, a shekarar da ambaliya ta hallaka mutum sama da 600 a faɗin Najeriya.

Taswirar da ta girmi madatsar Tiga

Taswirar da ke nuna tudu da kwari ta bambanta da wadda ake rataye wa a aji domin nuna jihohi da manyan birane. Ita tana nuna tsawon ƙasa ne ta hanyar wasu layuka da ke haɗa wuraren da tsawonsu ya zo ɗaya, tare da koguna da rafuka da fadamu da hanyoyi da ƙauyuka. Da ita injiniya ke sanin inda ruwa zai bi.

Akasarin irin waɗannan taswirori na Najeriya an zana su ne daga hotunan da jiragen sama suka ɗauka a shekarun 1950 da 1960, a wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatar safiyo ta tarayya da hukumar safiyo ta Birtaniya mai kula da ƙasashen ƙetare. Ma'aunin da aka ɗora aikin a kansa kuwa wani wuri ne da aka kafa a kusa da Minna.

Wannan na nufin yawancinsu sun girmi madatsar Tiga, sun girmi aikin noman rani na Kadawa, sun kuma girmi ita kanta jihar Kano da aka ƙirƙira a 1967.

Ko da a ce ba su tsufa ba, akwai iyakar abin da za su iya nunawa. A mafi bayani daga cikinsu, santimita ɗaya a takarda na wakiltar mita 500 a ƙasa. Ke nan burtali mai faɗin mita 30 bai kai ko milimita ɗaya ba, wato bai fi kaurin layin alƙalami ba.

Haka kuma tazarar da ke tsakanin layukan tsawo ƙafa 50 ce, kimanin mita 15. A fadamar da ruwa mai zurfin mita ɗaya ke rusa gidan ƙasa, irin wannan ma'auni bai isa ya faɗa wa dagaci wace unguwa ce za ta fara nutsewa ba.

Ba wai awon ƙasa baƙon abu ne a ƙasar Kano ba. Shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci birnin a 1903, aka fara tura malaman taki suna auna gonaki da sawu domin yanke haraji. To sai dai abin da aka auna shi ne gonar da za a karɓi kuɗi a kanta. Makiyaya da mashaya da burtali, waɗanda na kowa ne, an bar su a hannun al'ada da shaidar masu unguwanni.

Burtalin da gona ta cinye

A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo. Alƙaluman da hukumomi suka saba bayarwa na nuna cewa akwai irin waɗannan wurare 415 a ƙasar, amma waɗanda aka kammala rajistarsu a jaridar gwamnati ba su kai rabi ba.

Wurin da ba a auna ba, ba a kafa masa turaku ba, ba a kuma shigar da shi cikin doka ba, da wuya a iya kare shi a gaban alƙali.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon bayar da fili a karkara har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo. Amma dokar ba ta zo da taswirar da za ta nuna wane fili ne aka riga aka keɓe wa wa ba.

A ƙasar Kano matsin ya fi na sauran wurare. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu a kan yadda ƙauyukan da ke kewaye da birnin ke cikin mafi cunkoson karkara a Afirka, inda ake nome kusan kowane taƙi na ƙasa kowace shekara ba tare da hutu ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9.4, ƙaramar hukumar Wudil kuma kimanin dubu 185.

Idan magada suka raba gonar mahaifinsu, kowa ya samu 'yar kaɗan, burtalin da ke gefe shi ne wuri mafi sauƙin shiga. Bana a ci kunya ɗaya, baɗi a ƙara biyu, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma wadda saniya biyu ba za su jera ba.

Noman rani ya ƙara wani babi. Daga farkon shekarun 1990, shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse a bakin koguna. Manoma sun samu tumatir da albasa da alkama da shinkafa a lokacin da a da suke zaman jiran damina, kuma babu mai musun alherin da ke cikin hakan.

Sai dai fadamar da aka mayar lambu ita ce makiyayi ke dogaro da ita da rani domin ɗanyar ciyawa, kuma ta cikinta ne hanyar mashaya ta bi. Da zarar an toshe ta, saniya mai ƙishi ba ta san iyakar lambu ba.

Jihar Kano ba ta ga irin zubar da jinin da aka gani a Binuwai ko Filato ko Zamfara ba, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne daɗaɗɗiyar cuɗanya, inda manomi ke bukatar taki, makiyayi kuma ke bukatar kara da harawa bayan girbi. Amma duk lokacin kaka, hakimai da dagatai da arɗo-arɗo kan sha zaman sulhu a kan ɓarnar da tushenta guda ne: ina iyakar take?

Alƙawuran gwamnatoci

A watan Yulin 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirin Ruga bayan adawar da ya fuskanta a kudanci da tsakiyar ƙasar, ta koma ga shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa. A Kano kuwa gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ci gaba da nata shirin na tsugunar da makiyaya a dajin Ɗansoshiya da ke ƙaramar hukumar Ƙiru.

A watan Yunin 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ce ya ba da umarnin a lalubo tsohuwar jaridar gwamnati ta Jamhuriya ta Farko da ta zayyana hanyoyin shanu. Watanni biyu bayan haka ya amince a sake nazarin wuraren kiwo 368 a jihohi 25 domin gano yawan abin da aka cinye daga cikinsu.

Cewa sai da aka koma neman takardar shekarun 1960 ya isa ya nuna girman giɓin da ake da shi.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya. A matakin jiha kuma, shirin bunƙasa noma da kiwo na Kano, wanda Bankin Musulunci ya tallafa wa, ya sanya shata burtali cikin ayyukansa.

Jihar na da hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta, amma kamar takwarorinta na sauran jihohi, ƙarfinta ya fi karkata ga filayen birni, inda takardar mallaka ke kawo kuɗin shiga. Burtali ba ya kawo wa baitulmali ko kwabo kai tsaye, don haka yakan zo a ƙarshen layi.

Fasaha ta samu

Abin da a da ke bukatar jirgin sama da shekaru ana aiki, yanzu ya yi sauƙi ƙwarai.

A watan Fabrairun 2000 wani kumbon Amurka ya auna tsawon akasarin doron duniya da na'urar rada, kuma daga 2014 aka saki bayanan Afirka kyauta a ma'aunin mita 30. Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko, NigeriaSat-1, a 2003, sannan NigeriaSat-2 a 2011, wanda hotonsa ke iya bambance abu mai girman mita biyu da rabi.

Bayanan radar na da amfani wajen ganin fasalin kwari baki ɗaya, amma kuskurensu a tsawo kan kai mitoci, wanda ya yi yawa ga fadama. Abin da ke ba da ma'aunin da ake bukata shi ne awo da hasken leza daga jirgi, ko hotunan ƙananan jirage marasa matuƙa, tare da tabbatarwa a ƙasa. Wannan na da tsada, amma ba dole ne a auna jiha baki ɗaya ba. Ana iya farawa da zirin da ke bin kogi.

Akwai kuma misali na kusa da ke nuna abin da sahihiyar taswira ke iya yi. Kafin 2012, masu allurar rigakafin shan inna a jihohin arewa na aiki ne da taswirorin da aka zana da hannu, waɗanda ba su nuna ƙananan ƙauyuka da rugage da dama ba. Da aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda suka taka, sai aka gano matsugunan da ba a taɓa zuwa ba. Kano na cikin jihohin da aka fara wannan aiki, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Najeriya da nahiyar Afirka a matsayin waɗanda suka rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Tun 2013 hukumar NIHSA mai kula da al'amuran ruwa ke fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara. Hasashen kan ambaci jihohi da ƙananan hukumomi, a 'yan shekarun nan har da wasu garuruwa. To amma gaya wa mutumin Ɗankaza ko Darki cewa ƙaramar hukumarsa na cikin haɗari bai gaya masa ko gonarsa na ciki ba, ko kuma wane tudu zai kai iyalinsa da dabbobinsa.

Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta tunatar da duk garin da ke ƙasa da wata madatsa cewa sanin hanyar ruwa tun kafin ya zo magana ce ta rai da mutuwa.

Darasi daga Nijar

A ƙetaren iyaka, Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya dabam. Tun 1961 ta shata layin da noma ba zai wuce ba ta arewa, domin bar wa makiyaya yankinsu. A 1993 ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta samar da kwamitocin filaye daga matakin ƙauye zuwa sama, inda sarakuna da jami'an gwamnati da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. A 2010 aka ƙara da doka ta musamman kan kiwo.

A jihohi irin su Maraɗi da Damagaram, an bi burtali da dama ana kafa musu turakun siminti bayan ɓangarorin sun amince da iyakar a bainar jama'a.

Tsarin bai kawar da rikici ba, kuma akwai wuraren da aka tumɓuke turakun ko aka nome tsakaninsu. Amma ya samar da abin da alƙali zai duba. A cikin Najeriya ma jihar Jigawa, a zamanin Gwamna Sule Lamido, ta yi ƙoƙarin ƙwato burtali da makiyaya tare da shata su.

Batun ya zarce iyakar ƙasa guda, domin garkunan da ke sauka ƙasar Kano da rani wasunsu daga Nijar suke fitowa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ce ta tsara irin wannan zirga-zirga, kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar a watan Janairun 2025 ta sa dole ƙasashen biyu su nemi wata hanyar daidaita lamarin a tsakaninsu.

Wa zai riƙe alƙalamin?

Duk da haka, ba kowa ne ke maraba da masu awo ba, kuma fargabar na da tushe.

Manomin da kakansa ya shiga burtali shekaru 50 da suka wuce yana ganin gonar a matsayin gado. Idan aka ɗauko hoton jirgin sama na 1960 aka ce shi ne hujja, mutane da yawa za su wayi gari a cikin laifi. Idan kuma aka ɗauki hoton bana a matsayin mafari, an halatta duk cin iyakar da aka yi ke nan, makiyayi ya tashi a tutar babu. Zaɓen shekarar da za a ɗora awon a kanta hukunci ne na siyasa, kuma na'ura ba za ta yanke shi ba.

Akwai kuma tsoron cewa filin da aka auna aka san girmansa ya fi sauƙin sayarwa. A wurare da dama a arewa, masu hannu da shuni ne suka mallake tsofaffin makiyaya da takardun hukuma, ba ƙananan manoma ba. Wudil, mai jami'a da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, kuma a kan babbar hanya, wuri ne da darajar fili ke ta hauhawa.

Wasu kuma na ganin cewa ɓata lokaci ne a tsaya shata burtali a zamanin da ake maganar killace dabbobi. Sai dai ko da an koma kiwo a killace, za a bukaci sanin inda ruwa yake, da inda ƙasa za ta iya ɗaukar ciyawa, da kuma wanda ke da haƙƙi a kan filin. Kafin a kai can kuwa, shanun da ke zuwa kara ranar Juma'a na bukatar hanya.

Abin da misalin Nijar da na rigakafin shan inna suka nuna shi ne, taswira na aiki ne idan mutanen wurin sun sa hannu wajen zana ta. Dattijon da ya san inda ruwan 2001 ya tsaya a jikin bishiya, da arɗon da ya san tsohuwar mashaya, suna riƙe da bayanan da tauraron ɗan'adam ba ya gani, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001 kuma take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote tun 2022, tana da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki a ƙofar gidansu. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are na da bayanan ruwan da ake saki daga madatsun. Masarauta kuma na da dagatai da masu unguwanni a kowane ƙauye.

Abin da ya rage shi ne a ga ko za a samu gwamnatin da za ta haɗa waɗannan ɓangarori, ta biya kuɗin awon, sannan ta liƙa sakamakon a ofishin ƙaramar hukuma da ƙofar gidan dagaci inda kowa zai gani, kafin wata damina mai ƙarfi ta sake zuwa.